Wasiƙar Ta-tsakiya a Babi na Tara

A gidanmu idan yaro ya faɗi ya fasa baki, ba auduga ake fara nema ba, biro ake nema. Da idona na ga Auta ya zamo daga kan kujera, leɓe yana jini, yana tsala ihu, ubansa ya tsuguna a gabansa da ɗan littafin aljihu yana tambayarsa, "Da ka faɗi, me ka fara ji, zafi ko tsoro?"

Uban nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce ƙazafi nake yi masa. Marubuci ne. Littattafan yara da matasa yake rubutawa, irin waɗanda ake ba da labarin 'yan'uwa da gidajen da suka rikice. Ni kuwa ɗan shago gare ni na buga takardu da fotokwafi a bakin titi, kuma ni nake buga masa rubutunsa a kwamfuta, don shi da yatsa ɗaya yake dannawa, sai ya wuni bai cika shafi ba. Tun da matarsa ta tattara kayanta ta koma wani gari wajen danginta, na dawo gidan da zama don in riƙe yaran. Su uku ne. Akwai Dogo mai shekara goma sha shida, akwai Auta mai shida, sai Ta-tsakiya mai goma sha uku, wadda saboda ita na zauna nake wannan rubutu.

Littafin Yaya na farko ya karɓu sosai, har makarantar yaran ta sa shi cikin waɗanda ake karantawa a aji. A cikinsa akwai yara uku da uwarsu ta tafi ta bari. Ɗaya dogo, ɗaya ƙarami, sai wata yarinya mai tabarau da ake kira Kumbura, wadda take tura baki in ta yi fushi, take hira da kyanwa, take tsoron kaza. To Ta-tsakiya tana sa tabarau, tana tura baki, tana hira da kyanwarmu Madara, kaza kuwa in ta hango ta sai dai ka same ta a kan tebur.

Wata ranar Litinin ta dawo daga makaranta ta tsaya a ƙofar falo, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Baba, duk ajinmu Kumbura suke ce mini. In na wuce sai su riƙa yin kukan kaza."

"Ai na canza miki suna," in ji Yaya, bai ko ɗago kai ba.

"Ka bar tabarau."

"Masu tabarau nawa ne a duniya?"

"Ka bar sunan Madara!"

"Madara ba ta zuwa makaranta, ba wanda zai tsokane ta." Sai ya ɗago, idonsa ya yi wani haske. "Tsaya tukuna. Kukan kazar, kowa da kansa yake yi, ko tare suke yi kamar waƙa?"

Ta tura baki. Ya rubuta. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na yi dariya har da riƙe ciki.

Da aka nemi ya yi littafi na biyu, sai abin ya ƙara gaba, domin wannan karon ba jira yake a buga ba. Kowane mako sai ya sa babi ɗaya a shafinsa na intanet, kafin gari ya waye duk 'yan makarantar sun karanta a wayoyin iyayensu. Matsalar ita ce gidan ya yi lafiya da yawa. Yaran sun daina faɗa, kowa ya kama kansa, Yaya kuwa ya zauna kwana huɗu yana cizon biro bai rubuta ko layi ɗaya ba. A rana ta biyar ya shigo da aiskirim guda biyu rak, ya ajiye a tsakiyar tebur, ya ce, "Ga shi nan ku uku," sannan ya laɓe a bayan labule. Labulen nan bai kai ƙasa ba, ƙafafunsa da silifas duk a waje.

"Haba Yaya," na ce, "yanzu haɗa su faɗa kake yi?"

"Shsh! Bincike nake yi."

Dogo ya ɗauki ɗaya, Auta ya ɗauki ɗaya, Ta-tsakiya ta kalli silifas ɗin ubanta ta juya ta shige ɗaki. Wannan ya zama babi na uku, wai shi Son Kai. Mutane suka yi ta rubuta masa cewa sun yi hawaye.

Dogo ne ya fara gano cewa akwai ciniki a cikin lamarin. Ya samu ubansa yana shan shayi, ya ce, "Baba, in na gaya maka wani abu, za ka sa ni in ci ƙwallo a wasan ƙarshe a cikin littafin?" Yaron da a zahiri benci yake ɗumamawa tun da ya shiga ƙungiyar makaranta. Yaya ya ce ya danganta da nauyin abin. Dogo ba zai sayar da sirrin kansa ba, sai ya sayar da na ƙanwarsa: ta aske gira ɗaya bisa kuskure, tana cike ta da biro kullum da safe. Dogo ya ci ƙwallo biyu a babi na huɗu, ɗaya da kai. Ta-tsakiya kuwa ta je makaranta ta tarar da 'yan mata suna layi don su leƙa girarta.

Auta da ya ga haka, shi ma ya buɗe shago. Ya ce zaki yake so a littafin. Ya kawo labarin yadda yayarsa ta ɓoye takardar jarrabawar lissafi a cikin firij, ƙarƙashin kifi, aka ba shi zaki. Ya kawo labarin yadda take tsayawa gaban madubi tana gwada yadda za ta gaisa da wani yaro ɗan aji na gaba, aka ba zakin fukafukai. Duk inda Ta-tsakiya ta juya a gidan nan akwai ido. In ta shiga kicin Auta na ƙarƙashin tebur, in ta fito Dogo na jingine da bango yana yi kamar yana duba farce.

Ƙawarta ɗaya ce a duniya, wata 'yar siririya mai yawan dariya da suke zama benci ɗaya. A babi na shida aka ga ƙawar Kumbura mai cin farce, wadda iyayenta suke jifan juna da murfin tukunya. Washegari uwar yarinyar ta zo har gida, tana huci.

"Wa ya ce maka murfin tukunya ne? Faranti ne! Kuma sau ɗaya ne!"

Yaya ya ba ta haƙuri, ya yi alkawarin zai gyara. Ya kuwa gyara, ya mayar da shi faranti. Daga ranar ƙawar ta koma bencin baya, ta aiko wa Ta-tsakiya da 'yar takarda cewa mamarta ta hana ta magana da 'yan gidan littafi.

Daga nan Ta-tsakiya ta daina tura baki. Fuskarta ta koma kamar hoton katin shaida. Ta daina hira da Madara, har kyanwar ta riƙa bin ta tana kuka kamar mai neman ba'asi. A tebur in an tambaye ta abu sai ta ce e ko a'a. Na ce a raina to yanzu kam ta tsira, ba abin da za a rubuta. Ashe ban san yayana ba. Babi na bakwai sunansa Shirun Kumbura, kuma ya fi duk sauran samun masu karatu.

Duk lokacin da na yi masa magana, amsa a shirye take. "Labari ne fa." Ko kuma, "Kin san yara nawa wannan littafin yake taimaka wa? Jiya wata ta rubuto daga nesa ta ce ta ga kanta a ciki." Ko kuma wadda ta fi ba ni haushi, "Wata rana ita da kanta za ta gode mini." Ni ma ina da tawa amsar da nake ba wa kaina, cewa ai ni bugawa kawai nake yi.

Abu ɗaya ne ya rage wa yarinyar nan wanda bai shiga littafi ba, kuma ni kaɗai na sani. Wata rana bayan an tashi daga makaranta ta biyo ta shagona, ta jira har mai fotokwafin takardun haya ya tafi, sannan ta matso.

"Gwaggo, kina da ambulan?"

"Ina da shi. Na mene ne?"

"Wasiƙa nake rubuta wa Mama."

"Ba ga waya ba? Ai kuna magana duk Asabar."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Gaskiyarta. Duk Asabar in uwar ta kira, Yaya sai ya sa wayar a lasifika ya zauna kusa, wai don kowa ya ji muryar kowa. Me yarinya za ta faɗa a haka, ban da lafiya lau da mun ci abinci?

"Mako uku ke nan ina rubutawa," ta ce. "Ban gama ba. Akwai abin da nake so in roƙe ta, in na zo wurin sai hannuna ya ƙi. Gwaggo, don Allah kada ki gaya wa kowa. So nake ita ta fara karantawa, ita kaɗai."

Na ba ta ambulan mai kyau, fari, na rantse mata. Ta ce ta ɓoye wasiƙar a inda ba wanda zai duba, cikin kwalin tsohon dutsen guga a saman kabad. Abin da ba ta yi lissafi da shi ba, Auta ya gaji da zaki, yanzu jirgi mai saukar ungulu yake so, kuma an gaya masa jirgi sai da babban labari. Yaro ya ɗora kujera a kan tebur ya hau.

Ranar Laraba da safe Yaya ya shigo shagona yana fara'a kamar wanda aka yi wa albishir, ya ajiye takardu a gabana. "Babi na tara. Wannan shi ne zuciyar littafin. Ranar Asabar makarantarsu za ta yi taron karatu, sun gayyace ni in karanta sabon babi a gaban iyaye da ɗalibai. Wannan zan karanta."

Na duba. Fotokwafi ne na rubutun hannu, ƙananan haruffa masu karkata hagu. Layin farko, "Mama, ina fata kina lafiya."

"Yaya, a ina ka samo wannan?"

"Majiya mai tushe."

"A ina ka yi fotokwafin?"

"A nan. Jiya, da kika je sayen tawada."

Da injina! Wallahi sai da na ji kamar in ɗauki injin in jefa shi titi. Ban so in karanta ba, amma idona ya riga ya bi layukan. Ba wani abin mamaki a ciki. Ta gaya wa uwarta cewa har yanzu tana ajiye da ɗankwalinta a ƙarƙashin filo, ƙamshin ya kusa ƙarewa. Ta gaya mata ta fara abin da mata suke yi duk wata, ba ta san wa za ta tambaya ba, sai ta karanta a bayan kwalin audugar mata. Ta ce tana cin abincin rana ita kaɗai a bayan ɗakin karatu. Layi na ƙarshe ya ce, "Mama, abin da nake so in roƙe ki shi ne", daga nan ba komai, farar takarda.

"Ba zan buga ba," na ce.

"Me ya sa?"

"Wasiƙar 'yarka ce zuwa ga uwarta!"

"Wasiƙar Kumbura ce yanzu. Ke ba ki gane adabi ba. Kin san iyaye nawa za su koma gida su rungumi 'ya'yansu in sun ji wannan?"

"Kai ka fara komawa ka rungumi taka mana."

Ya ce ina da baƙin ciki, tun muna yara haka nake, ko zanen da ya yi na doki sai da na ce jaki ne. Na ce jaki ne kuwa. Muka yi ta yi har mai sayar da katin waya na kusa da ni ya leƙo ya ce a yi haƙuri. Yaya ya kwashi takardunsa ya ce zai buga da kansa. Na ce bismilla. Na san da yatsa ɗaya ba zai gama kafin Asabar ba, amma don in tabbatar, da na koma gida na zare wayar wutar kwamfutarsa na saka a cikin buhun shinkafa. Auta ya gan ni. Kafin la'asar an ƙara wa jirginsa bindiga.

Dole na gaya wa Ta-tsakiya. Ba ta yi kuka ba. Ta je ta tsaya a gaban teburin ubanta, hannuwa a baya kamar mai karanta hadda.

"Baba, ka ba ni wasiƙata."

"Ga ta nan, ai na mayar miki cikin kwalin. Ni ba na riƙe kayan mutane."

"Kada ka karanta a makaranta."

"Ba wanda zai san ke ce."

"Kowa ya san ni ce. Mai gadi ma Kumbura yake ce mini." Ta matso kusa da teburin. "Baba, don Allah. Ko Mama ba ta gani ba. Ban ma gama ba."

"Wannan kada ya dame ki," in ji shi, har da shafa mata kai. "Za mu gani."

Na ce mata ta kawo in ɗauki hoton wasiƙar in tura wa uwar yanzu-yanzu, ko ba komai ita ta fara gani. Ta girgiza kai. Ta ce ba ta gama ba, kuma in ba ƙarshen, sauran duk surutu ne. Alhamis da Juma'a ta zauna da takardar a gabanta, Dogo na leƙe ta taga, Auta na kwance a ƙarƙashin gado. Ko harafi ɗaya ba ta ƙara ba.

Ranar Asabar zauren makaranta ya cika maƙil. Fankoki biyu ne suke aiki cikin shida, amma Yaya ya naɗa wani dogon mayafin wuya, wai haka marubuta suke yi. Shugabar makaranta ta gabatar da shi da cewa shi ne mutumin da ya fi kowa sanin zuciyar yaro. Abin maganar ya yi ƙara ƙiii, wani jariri ya fashe da kuka, aka canza batir. An jera ɗalibai aji-aji a gaba, Ta-tsakiya tana layi na uku, ni kuma ina can baya cikin iyaye, inda ba zan iya kai wa gare ta ba sai na taka mutum ashirin.

Ya fara. Ya iya karatu, wannan ba zan hana shi ba. Ya sassauta murya, ya riƙa tsayawa a inda ya kamata. Da ya zo wurin ɗankwali, shugabar makaranta ta fyace hanci da ƙarfin da sai da abin maganar ya ɗauka. Da ya zo wurin abin wata-wata, samarin layin baya suka fara tuntsira dariya a cikin hannun riga, wani ya yi kukan kaza a hankali, malamin horo ya zare ido. Kawuna suka riƙa juyawa layi na uku ɗaya bayan ɗaya. Wayoyi kuwa sun fi talatin a sama, ana ɗauka. Ta-tsakiya ta cire tabaraunta ta riƙe a cinya, ina jin don kada ta ga kowa.

Sai ya iso layin ƙarshe. Na ce to a nan zai tsaya. Bai tsaya ba.

"Mama, abin da nake so in roƙe ki shi ne," ya dafa ƙirji, "ki kwantar da hankalinki. Kada ki damu da mu. Baba yana kula da mu dare da rana, shi ne uwa shi ne uba. Ki yi zamanki, mu muna cikin farin ciki."

Zauren ya ɗauki tafi. Mata suna share hawaye, wani dattijo kusa da ni yana cewa, "Kai, wannan uba, Allah ya ƙara mana irinsa." Auta ya hau kan benci yana ihu, "Ni na samo ta! Ni na samo ta a kan kabad!" Aka yi dariya, aka ƙara tafi. Shugabar makaranta ta miƙa wa Yaya wani allon katako mai rubutun zinariya, ta kuma ce a kira ita Kumburar ta fito a yi hoto. Aka turo ta gaba. Mai hoto ya ce ta ɗan tura baki yadda za a gane ta.

A mota Yaya yana ta murna. "Kun ga yadda ƙarshen ya zauna? Ai da na bar shi a buɗe, da mutane sun tafi da damuwa." Dogo ya kafe kai a gilashi, ina jin ranar ce ya fara jin kunyar ƙwallayensa biyu. Ta-tsakiya tana riƙe da allon katakon, don an ce ta riƙe kada ya karce.

Ni dai ga abin da na gani, kuma shi ya hana ni sukuni. Da Yaya dukan yarinyar nan yake yi, da maƙwabta sun shigo, da ni kaina na tare. Da abinci yake hana ta, da an kira dangi an yi zama. Amma ya bi ta ɗaki-ɗaki ya kwashe duk abin da take da shi a ciki, fushinta da tsoronta da ƙawarta da kunyarta, ya raba wa mutanen da ba su san ta ba, mu kuma muka tafa masa. Mutum ɗari uku sun yi wa yarinyar cikin littafi kuka, ta gasken tana zaune a layi na uku ba wanda ya tambaye ta ko tana son ruwa. Kuma kada in tsame kaina. Babi takwas ni na buga su da hannuna, har ina gyara masa waƙafi. Sai da abin ya zo kan alkawarin da aka yi da ni sannan na tuna cewa yarinya ce.

Ba mu daɗe da isa gida ba wayata ta yi ƙara. Uwar ce. Ba wayar Yaya ta kira ba, tawa ta kira, kuma daga jin muryarta ta sha kuka. Wata 'yar'uwarta ce ta turo mata bidiyon.

"Na kalla sau huɗu," ta ce. "Ashe haka yarinyar nan take ji. Amma ƙarshen ya sanyaya mini rai. Kin san kwanakin nan har na fara haɗa kaya, na ce ko in zo in ɗauke ta ta zauna wurina. Tunda ta ce suna cikin farin ciki, gara kada in tayar mata da hankali."

Na shige ɗakin Ta-tsakiya da wayar, na tura ƙofa. Tana zaune a bakin gado da kayan makaranta, ko takalmi ba ta cire ba.

"Ki saurare ni," na ce wa uwar. "Ba ita ta rubuta ƙarshen nan ba. Ubanta ne. Ita ta tsaya ne a daidai abin da nake so in roƙe ki shi ne. Ba ta ƙarasa ba."

Nan take muryar uwar ta canza.

"To me take so ta roƙe ni? Ba ta wayar. Don Allah ba ta."

Na miƙa mata. Ban sa a lasifika ba. Ta karɓa da hannu biyu ta kara a kunne, ina jin muryar uwar ƙasa-ƙasa tana cewa, "Gaya mini, 'yata, ko mene ne. Ina jin ki." Ta-tsakiya ta buɗe baki. Sai idonta ya sauka ƙasan ƙofa, inda inuwar ƙafafu take, manya da ƙanana. Na tashi na buɗe ƙofar da ƙarfi na daka musu tsawar da ban taɓa yi ba a gidan nan, suka watse su duka har uban. Na rufe, na murɗa makulli, na jingina bayana da ƙofar.

"Ba kowa," na ce mata. "Faɗi abinki. Ni ma in kina so in toshe kunne."

Ta kalle ni, ta kalli taga, ta kalli ƙarƙashin gado. Ta daɗe tana riƙe da wayar.

"Ba komai, Mama," ta ce. "Na manta."